Akwatin Malam da abin da na gano a Fas

Katsina,
18 ga Nuwamba.

Zuwa ga aminina Malam Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukkan mutanen zango. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? Mu nan hunturu ya fara leƙowa, ƙura ta soma sauka, an gama da gero ana kan dawa. Ranar Juma'a na je gidanku na gaishe da Inna. Ƙafar da sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta. Ta ce in gaya maka kwana biyu ba ta ji muryarka ba.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Maganar tana da tsawo, kuma akwai roƙo a cikinta, shi ya sa na fi so ka karanta a natse.

Tafiyar nan ta Maroko da na taɓa yi maka maganarta ta yiwu. Mu goma sha ɗaya aka tura daga jami'armu, malaman sashen Larabci da na Tarihi da na Nazarin Addinin Musulunci, sai mutum ɗaya daga sashen Hausa saboda ajami. Kwana goma sha biyu muka yi. Manufar ita ce mu ga yadda suke adana littattafan da aka rubuta da hannu, mu koyo abin da za mu iya yi da namu. Ta Legas muka tashi, muka sauka Kasabalanka, daga nan jirgin ƙasa ya kai mu Rabat cikin kamar awa ɗaya.

Kwana huɗu na farko a babban ɗakin karatu na ƙasa muka yi su, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2008. Ginin yana da kyau, amma ni ɗakin gyaran littattafai ne ya tsaya mini a rai. An ce kowa ya zo da hoton wani rubutu daga gida. Ni na kawo hoton wasu ganyayyaki na kakana, waɗanda na kai shagon kwamfuta shekarun baya aka liƙe mini su cikin roba da injin zafi, don kada su ƙara yagewa. Matar da ke koyar da mu ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce mini, cikin ladabi, zafin injin da gam ɗin robar sun riga sun shiga jikin takardar, kuma ɓare ta yanzu zai iya tafiya da tawadar. Lawal, na yi baƙin ciki ƙwarai. Da hannuna na cutar da abin da nake ƙauna, ina ganin gata nake yi masa. Gidaje nawa ne a Katsina aka yi irin wannan?

Abin da ta koya mana galibinsa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kada a sa salatif a kan yagaggen shafi. Kada a ƙulle littafi cikin leda, domin tana riƙe danshi. Kada a fesa maganin ƙwari a kan takarda, kada kuma a lashi yatsa wajen buɗe shafi. A ɗaga akwati daga ƙasa, a raba shi da bango, saboda gara da laima. A kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Kafin a motsa komai kuma, a sa wa kowane ganye lamba da fensir a gefe, tunda littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, ganye ne warwatse tsakanin tadarishi a cikin gafaka. In suka cakuɗe, ba abin da zai mayar da su sai kalmar nan da marubuci ke ɗigawa a ƙasan shafi don ta nuna farkon na gaba. Ka tuna yadda Malam, mahaifinka, yake duba ta in iska ta watsa masa karatu a zaure?

Akwai wani abu da ya ba ni sha'awa. Ta ɗora takarda a kan wani faifai mai haske, sai ga tambari ya fito a cikin jikinta, jinjirin wata uku a jere. Ta ce irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, fatake su ɗauko ta ta Masar da Tarabulus su keto sahara da ita. Yawancin tsofaffin littattafan ƙasar Hausa da Barno a kanta aka rubuta su, kuma tambarin yana taimaka wa mai bincike ya ƙiyasta zamanin da aka yi rubutu ko da marubucin bai sa shekara ba. Tun ina yaro nake ganin waɗannan watanni in na ɗaga takarda a rana, ban taɓa sanin labarin da ke bayansu ba.

Daga Rabat muka wuce Fas, kuma a nan ne tafiyar ta zama wani abu dabam a wajena.

Tsohon birnin mota ba ta shigarsa. Lunguna ne ƙunci-ƙunci, sama a rufe a wasu wuraren, jakuna da alfadarai ke dakon kaya, mai kora yana ta cewa "balak, balak" don a kauce. Mun bi ta majemarsu, inda ake ba baƙo ganyen na'ana'a ya riƙe a hanci saboda wari. Abokin tafiyarmu na sashen Tarihi ya tuna mana cewa fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta ta jan akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, ta bi ayari ta fita ta tashoshinsu, sunan ya zama nasu. Na riƙe wannan magana, domin daga baya na ga ba fata kaɗai ke rasa sunan mai ita ba in ba a rubuta ba.

Magariba ta same mu a masallacin Alƙarawiyyin, wanda tarihi ya ce wata baiwar Allah, Faɗimatu al-Fihriyya, ta gina da dukiyar gadonta a shekarar 859. Bayan sallama sai na ga mutane sun matso sun yi da'ira, suka ɗauki hizbi da murya ɗaya. Warshu ne, Lawal. Irin karatun da muka tashi da shi a gaban Malam, da imalarsa da komai. Na karɓi Alƙur'ani daga hannun wani dattijo, sai ga fa'un da ɗigonsa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda aka rubuta mana a allo. Na bi su har aka kai ƙarshe, hawaye na zuba. Mahaifinka nake tunawa, Allah Ya jiƙansa. Shekara nawa ya yi yana karantar da Ajurumiya, ga shi mai littafin a wannan birni aka haife shi, a nan kuma ya rasu a 1323, amma Malam bai taɓa taka ƙasar ba. Na ji kamar a madadinsa na zo.

Wasu daga cikinmu sun je ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, wasu kuma ba su je ba, kowa da fahimtarsa, ba wanda ya tsangwami wani. A lungunan wajen za ka ji Wolof, ka ji Fulatanci, ka ji Hausa. Har wani Bakano na gamu da shi yana cinikin jallabiya.

Washegari aka shigar da mu ɗakin littattafan Alƙarawiyyin. Sarki Abu Inan ne ya kafa shi a 1349, kuma akwai rubutattun littattafai wajen 4,000 a ciki. Cikinsu har da kwafin tarihin Ibn Khaldun wanda shi da kansa ya yi waƙafinsa ga wurin. An nuna mana tsohuwar ƙofar ƙarfe mai makullai huɗu, aka ce a da kowane mabuɗi yana hannun mutum dabam, ba a buɗewa sai duk sun hallara. Su ma fa sun sha fama. Danshin ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana cin ginin, sai a shekarun baya-bayan nan aka yi masa babban gyara aka yi wa ruwan hanya. Abin da na lura da shi shi ne kowane littafi yana da lamba, yana da suna a rajista, an san marubucinsa, an san wanda ya kwafe shi, an san wanda ya ba da shi waƙafi. In gara ta ci ganye ɗaya, akwai wanda zai sani. Mu kuwa akwati guda zai salwanta a rabon gado ba wanda ya san abin da ke ciki.

Marrakesh kwana biyu kawai muka yi. Na ziyarci kabarin Alƙali Iyal mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, da na Shehu Jazuli mai Dala'ilu. Amma wanda ya fi zama a zuciyata shi ne Ahmad Baba na Timbuktu. Bayan rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta rusa daular Songhai a 1591, an kamo shi an kawo shi wannan birni a 1594, an wawashe littattafansa, waɗanda shi da bakinsa ya ce sun kai 1,600. Da aka sassauta masa tsaro sai ya zauna yana karantarwa, manyan malaman garin suna zama a gabansa, har aka bar shi ya koma gida a 1608. Shi ne kuma daga baya ya rubuta fatawar da ta lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Wannan sarki da ya sa aka kamo shi, shi ne dai wanda ya faɗaɗa ɗakin littattafan Fas da na gama yabawa. Na kasa raba sha'awa da ɗaci a raina, kuma na faɗi haka a zaman da muka yi da malamansu. Sun saurara da mutunci, ɗayansu ma ya ƙara mini bayanin da ban sani ba.

Ba zan ɓoye maka abin da ya ɓata mini rai ba. Cikinmu akwai waɗanda suka ɗauki tafiyar hutu da sayayya. A sa hannu a takardar halarta da safe, kafin azahar sun ɓace cikin kasuwa. Kuɗin jama'a ne aka kashe mana, a lokacin da ɗalibanmu ke zama a kan taga saboda rashin kujera. Abin da ya fi wannan ciwo, ma'aikacin da ke kula da 'yan rubuce-rubucen da muke da su a ɗakin karatunmu, wanda shi ne zai taɓa takardun da hannunsa kullum, ba a sa sunansa ba, wai shi ba malami ba ne. Na rubuta wannan a rahotona ƙarara. Tun da na dawo kuma nake zama da shi duk ranar Laraba, ina maimaita masa abin da aka koya mana, shi ma yana nuna mini abubuwan da shekaru suka koya masa.

Kada ka ɗauka ba a taɓa yin komai a wajenmu ba. Gidan Arewa da ke Kaduna yana tara irin waɗannan takardu tun da aka kafa shi a 1970, akwai na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai na gidan tarihi na Jos, akwai kuma na Yamai. Amma abin da ke cikin gidajen malamai ya ninka wanda aka tara, kuma garin Ɗan Marina da Ɗan Masani bai kamata a ce ba a san abin da ke cikin zaurukansa ba. Ka tuna a 2013 an ƙona littattafai dubbai a Timbuktu. Mu namu ba wuta ke cin su ba, gara ce da ɗigar rufi, a hankali, ba mai jin labari.

To ga roƙon. Akwatin ƙarfen nan na Malam yana nan a ɗakin zaure inda ka bar shi, a ƙasa, jingine da bangon gabas, kuma bangon ya sha ruwa a daminar bana. Da na je gaishe da Inna na ga hanyar gara a kusa da shi. Ban taɓa shi ba, domin kai ne babba, kuma haƙƙin magada ne. Ina neman izininka da na ƙannenka in buɗe shi a gaban Inna da duk wanda kuka wakilta. Ba ganye ɗaya da zai bar gidan. Zan zo da wannan ma'aikaci namu, mu kaɗe ƙura, mu sa lamba, mu ɗauki hoton kowane shafi, mu rubuta sunan kowane littafi a rajista mai kwafi biyu, ɗaya naku ɗaya na Inna. Hotunan kuma ba mai ganinsu sai da yardarku, musamman abin da ya shafi asirai da wasiƙun gida. Na sayo kwalaye na musamman guda ashirin daga Rabat da kuɗin guzurina, irin waɗanda ba sa cin takarda, kuma na riga na yi magana da kafinta a kan katakon da za a ɗora akwatin.

Na tabbata waƙoƙin ajamin nan da Malam yake rera mana da daddare a watan Mauludi suna ciki, waɗanda yake cewa na kakansa ne. Baiti uku kawai nake iya tunawa yanzu. Ko kai ka riƙe fiye da haka? In ka riƙe, ka rera su a waya ka turo mini, don in gane su in na ci karo da su.

Ka yi shawara da su Hajiya Binta ka ba ni amsa kafin ƙarshen wata, domin yanzu da iska ta bushe ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki. Na ba direban motar goro da zai taso ranar Litinin saƙonka: jallabiya ɗaya, da Alƙur'ani bugun Maroko, da dabino na yara.

Ka gaishe da maiɗakinka da su Abba, da Malam limamin unguwarku. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka har kullum,
Kabiru