Masu zuwa biki a tsibiri, ku fara lissafi daga jirgin ƙarshe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin waɗanda aka gayyata biki a wani tsibiri. Yawancinsu babban jirgin da zai ɗauke su daga ƙasarsu kawai suke tunani, su manta da ɗan zangon ƙarshe, alhali a nan tafiya ta fi lalacewa. Yawancin tsibiran da ake irin wannan biki ba a isa gare su da mota. Ko jirgin ruwa, ko ƙaramin jirgin sama, kuma kowannensu yana da lokacinsa, yana da iyakar kayan da yake ɗauka, yana kuma bin halin iska da teku.

Saboda haka daga ƙarshe ake fara lissafi. Kafin ka biya kuɗin tikitin babban jirgi, tambayi masu biki ko otal: sau nawa a rana ake tsallakawa, kuma na ƙarshe ƙarfe nawa yake tashi? A Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, jiragen sama da ke sauka a kan ruwa da rana kaɗai suke aiki. Wanda zai hau irin wannan jirgi, idan ya iso Male, babban birnin ƙasar, da dare dole ya kwana a can, ya biya ɗakin da bai yi shirinsa ba, ga kuma ɗakinsa na tsibiri yana cin kuɗi babu kowa a ciki. Tsakanin Darussalam da Zanzibar kuwa tafiyar jirgin ruwa kusan awa 2 ce, kuma na ƙarshe da la'asar yake barin tasha.

Babban tarkon shi ne tikiti biyu da aka saya daban-daban. Idan duk tafiyar a kan tikiti ɗaya take, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema maka wani. Idan kuwa ka raba su don neman sauƙi, kamfani na biyu babu ruwansa: ba ka zo ba, kujerarka ta tafi, sau da yawa har ta dawowa a soke ta. Ga shi sai ka bi layin shige da fice, ka jira akwati, ka sake miƙa shi. Wanda ya raba tikiti ya bar aƙalla awa 4 a tsakani. Ni dai shawarata a isa tsibirin kwana 2 kafin ranar ɗaurin aure. Kwana ɗaya bai isa ba, domin idan teku ta tashi aka dakatar da jirage, washegari fasinjojin kwana biyu ne za su yi rububin kujerun kwana ɗaya.

Sai kaya. Manyan jirage sukan yarda da akwati mai kilo 23, wani lokaci har biyu, amma ƙananan jiragen Maldibs galibi kilo 20 ne da jakar hannu mai kilo 5. Abin da ya haura sai ka biya, kuma yana iya biyo ka a wani jirgin. Kayan da za ka sa ranar biki, da takalmi, da magungunanka, su zauna a jakar hannu. Batirin cajin waya ma a hannu ake riƙe shi, ba a yarda da shi cikin akwatin da ake miƙawa ba, kuma turare ko man shafawa a jakar hannu kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Idan akwati bai fito ba, kada ka bar filin jirgi sai ka cike takardar rahoto ka karɓi lambarta, ka ba su sunan otal da tsibirin. A ƙa'ida sai an yi kwana 21 kafin a ɗauke shi a matsayin ɓatacce, biki kuwa ba ya jira.

Takardu a duba su tun ranar da katin gayyata ya iso. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya rage masa wata 6, da shafukan da ba a buga komai ba. Sunan da ke kan tikiti ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. A bincika ko ƙasar da za a yada zango tana neman biza. Katin rigakafin shawara sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, don haka allurar jajibirin tafiya ba ta da amfani a bakin iyaka. Amma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wasu tsibiran kuma, kamar Seshels da Maldibs, sai an cike fom ta intanet kafin a iso.

Yanayi ma abin dubawa ne. Lokacin guguwa a yankin Karibiyan daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, Zanzibar kuma ruwan sama mai yawa daga Maris zuwa Mayu. Wanda bikinsa ya faɗo a irin wannan lokaci ya sayi inshorar tafiya tare da tikiti, domin galibi ba ta biyan asarar guguwar da aka riga aka sanar kafin a saya. A karanta a gani ko ta haɗa da kwashe majiyyaci ta jirgi, saboda ƙaramin tsibiri sau da yawa ɗan ɗakin shan magani kawai gare shi. Mai fama da jiri a ruwa ya sha maganinsa rabin awa zuwa awa ɗaya kafin shiga jirgi, ya zauna a tsakiya inda girgiza ta fi sauƙi.

Ɗakunan da masu biki suka sa aka keɓe suna da wa'adi. Idan ya wuce otal ya sayar wa wasu, kuma a tsibiri ba lallai a sami wani masauki kusa ba. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan, domin na'urar cirar kuɗi kan ƙare ko ta rasa intanet.

Komawa ma haka take. Kada a haɗa jirgin ruwan safiya da babban jirgin hantsi. Wanda kuma ya yi ninƙaya cikin zurfin teku da tulun iska ya jira awa 24 kafin ya hau jirgin sama, don iskar da ta taru a jininsa ta gama fita.

Ku kuma masu biki, don Allah ku haɗa katin gayyata da sunan filin jirgin da za a sauka, da lokutan tsallakawa, da wa'adin ɗakuna, aƙalla wata 6 kafin ranar.

Na gode.

Mai karatunku a kullum.