Makafin Alƙahira masu goge, da roƙona ga gidan talabijin ɗinku

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina yi muku fatan alheri tare da ma'aikatanku. Ƙorafi na zo da shi, amma ƙarami ne. Duk sanda kuka tashi yin shiri kan makafi, hoton ɗaya ne: mutum a bakin danja, kwano a hannu, ɗan jagora a gaba, ga wani kiɗa mai sa kuka a ƙasa. Sai mu ce Allah sarki, mu canja tasha.

Kwanan baya ƙanwata ta turo mini wani bidiyo a WhatsApp. Mata ne 'yan Masar fiye da talatin, yawancinsu da lulluɓi, zaune a jere kan dandamali. Wasu sun maƙale gogen Turawa a ƙarƙashin haɓa, wasu sun jingina babban gogen nan a tsakanin gwiwoyi, wasu na busa sarewa. Na kusa minti biyu ina kallo kafin na lura babu takarda ko ɗaya a gabansu. Ashe duka makafi ne, ko masu raunin gani.

Sunan ƙungiyar Al-Nur wal Amal, wato haske da kyakkyawan fata. An kafa ta a Alƙahira a 1954 don ilimantar da 'yan mata makafi da koya musu sana'a, irin su saƙa. A 1961 aka buɗe mata sashen koyon kiɗa, kuma Dokta Samha el-Kholy, masaniyar kiɗa ta Masar, na cikin waɗanda suka tsaya a kai. A 1988 suka fara fita waje, zuwa Ostiriya, daga nan ƙasashe suka yi ta gayyatarsu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suke yi. A irin wannan taron makaɗa da ake kira okestira, kowa na duba takardarsa, yana kuma satar kallon shugaba mai kaɗa sanda, shi ke nuna wa zai shigo da lokacin da za a sassauta. Su kuwa sanda ba ta da amfani a wurinsu. Rubutun makafi ma da yatsa ake karanta shi, yatsun kuma suna kan tsirkiya. Don haka kowace sai ta shafa rabonta a rubuce, ta haddace shi tsaf, sannan a haɗa su a yi ta bita har kowace ta san numfashin ta kusa da ita. Wanda ya taɓa zama gaban alaramma ya san nauyin hadda. To a ƙara da cewa mutum talatin ne za su kawo tasu a tare, ba mai riga wani.

Ni dai kiɗan Turawa irin na Mozart bai taɓa shiga raina ba, kukuma ta fi mini daɗi. Na kuma san akwai masu ƙyamar kiɗa gaba ɗaya saboda addini, ban zo jayayya da su ba. Amma na nuna wa wani maƙwabcina bidiyon nan, mutumin da 'yarsa makauniya ta kai shekara tara ba ta taɓa taka makaranta ba, kullum tana tsakar gida tana tsince wa uwarta wake. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni ko makarantar makafi da kurame ta Tudun Maliki tana ɗaukar mata. Shekara nawa muna yi masa magana, ko a jikinsa.

Mu da muka san Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne ya tsara baitocin da har yau ake rerawa, bai kamata baiwar makaho ta zama mana labari ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ma an sa mata hannu tun Janairun 2019, sai dai a unguwarmu da wuya ka sami wanda ya ji labarinta.

Roƙona, ku nemi izinin nuna wasan matan nan, ko na minti goma ne, bayan labaran dare lokacin da iyaye ke gida. In an gama, ku gayyato malamin makarantar makafi ya faɗi yadda ake sa yaro da abin da ake buƙata, ku bar lambar makarantar a kan allo ta ɗan jima, don wasunmu sai sun nemo biro.

Wassalam.

Mai kallonku,
daga Kano