A Tuna Da Garin Epe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan Epe, hedikwatar ƙaramar hukumar Epe a gabashin jihar Legas. Mu Hausawan Agege da Mile 12 muna cin kifinta, amma kaɗan ne cikinmu suka san garin.

Ina zuwa can sarin kifi. Garin yana bakin ruwan Lekki, daga arewa da shi. Da asuba za ka ga kwale-kwale na isowa kasuwar Oluwo, mata na juye tarwada mai motsi cikin manyan robobi, ƙaurin banda ya cika ko'ina. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 180 da ɗoriya.

Tarihinsa ne ya fi taɓa ni. Asali garin Yarbawan Ijebu ne. A 1851, da Turawan Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, Sarkin Legas Kosoko ya yi hijira zuwa Epe da jama'arsa, Musulmi da yawa a cikinsu. Ya koma Legas a 1862, amma wasu suka yi zamansu. Shi ya sa har gobe ake da Ijebu Epe da Eko Epe, wato 'yan asalin garin da zuriyar waɗanda suka zo daga Legas, kuma duk watan Muharram ana bikin Kayo-Kayo don tuna isowarsa.

Ina roƙo ku tura wakilinku ya zauna da dattawan garin, ya rubuto mana da Hausa, 'ya'yanmu da aka haifa a Ikko su karanta.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas