Ƙorafi Kan Injin Fankar Hita da Takardar Umarnin da Ta Zo Tare da Shi

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin ƙorafin da na aiko muku ta imel bai samu amsa ba, kuma matsalar ba ni kaɗai ta shafa ba. Na sayi injin fankar hita, wato injin da ke juya fankar da ke hura iska mai ɗumi cikin mota, daga kamfaninku domin tsohuwar a-kori-kurata, ƙirar shekarun 1980, bayan kun tabbatar a rubuce cewa ya dace da ita, amma daga injin har takardar umarnin da ke cikin kwalin babu wanda ya dace da motar.

Takardarku ta ce a cire akwatin da ke gaban kujerar fasinja, a kwance sukuru uku, injin ya sauko. Haka abin yake a yawancin motocin zamani, amma a wannan mota injin fankar ba ya ƙarƙashin dashbod ko kaɗan. Yana manne ne a jikin bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba, ta gefen fasinja, kuma madigadin ciki ya rufe kusan rabinsa, ta yadda sai an ɗaga motar da jak, an cire taya, an sassauta madigadin, kafin sifana ta iya kaiwa ga sukurun ƙasa, wanda galibi tsatsa ta riga ta cinye kansa. Duk wanda ya bi maganarku zai wargaza dashbod a banza, alhali robar dashbod da ta shekara 40 tana shan rana ba ta jure tilas, karyewa take yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu inda kuka ce a fara cire kan batir na negetif. A wasu motocin wannan ƙira, musamman masu na'urar sanyaya iska, wayar da ke ba fankar gudu mafi ƙarfi tana ɗauko wuta kai tsaye daga batir, saboda haka zare makulli ba ya kashe ta, kuma da zarar ƙarfe ya taɓa ta tartsatsi ne zai tashi.

Shi kansa injin yana da nasa aibun. Tsohon yana da ramin da ƙaramin bututun roba ke shiga ya kawo masa iska domin kada ya ɗau zafi, naku kuwa babu ramin. Ba ku haɗo da sabuwar fanka ba, kuma tsohuwar da noti ake ɗaure ta, amma sandar injinku sumul take, ba ta da inda noti zai kama. Wayoyinsa biyu ba su da alama, kuma irin wannan inji idan aka musanya wayoyinsa baya yake juyawa, sai a ji ƙara amma iskar da ke fitowa ba ta isa ta share gumin gilashin gaba ba. Direban da ke tuƙi cikin ruwan sama da dare ya san wannan magana ce ta rai. Ƙarancin iskar kuma yakan ƙona rezista mai rage gudun fankar, domin da wannan iskar take yin sanyi.

Saboda haka ina neman ku mayar mini da kuɗina ko ku aiko da injin da ya dace, haɗe da fankarsa. Ina kuma neman ku janye wannan takarda daga kwalayenku, ku rubuta wadda ta bambanta motoci masu na'urar sanyaya iska da marasa ita, wadda za ta fara da umarnin cire kan batir. Ina sauraron amsarku a rubuce.

Naku,
Wani abokin cinikinku