A tambayi Farfesa Gambari kafin a yi murnar kujera

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara basira. Ina bibiyar shirinku na harkokin duniya, kuma duk lokacin da aka tabo batun bai wa Afirka kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai in ji baƙinku suna ta murna kamar an riga an ɗaura aure. Roƙona shi ne ku gayyato Farfesa Ibrahim Gambari, domin shi ya zauna a zauren nan ya ga yadda ake yanke hukunci.

Ga waɗanda suka san shi kawai a matsayin shugaban ma'aikatan fadar Buhari daga 2020 zuwa 2023, mutumin Ilorin ne, haifaffen 1944, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka, ya koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya riƙe ministan harkokin waje a 1984 zuwa 1985, kuma da sunansa ake danganta ra'ayin nan na da'ira cikin da'ira: Najeriya ta fara da tsaron gidanta da maƙwabtanta, sannan Afirka ta Yamma, sannan nahiyar, kafin ta leƙa sauran duniya. Daga 1990 zuwa 1999 shi ne wakilinmu a Majalisar.

Abin da nake so a tsaya a kai shi ne 1994. Najeriya tana cikin Kwamitin Sulhu a matsayin mamba na wucin gadi lokacin da aka fara yanka 'yan ƙabilar Tutsi a Ruwanda. Gambari yana cikin 'yan tsirarun jakadun da suka matsa a ƙara sojojin kiyaye zaman lafiya. Beljiyam ta janye nata bayan an kashe mata sojoji goma, Amurka kuma zafin kashe mata sojoji da aka yi a Somaliya a 1993 bai bar jikinta ba. A ranar 21 ga Afrilu kwamitin ya rage rundunar daga kusan 2,500 zuwa 270, kuma har da ƙuri'ar Najeriya. Wani abin takaici, wakilin gwamnatin da ke kisan yana zaune a teburin a matsayin mamba. Sai a watan Mayu, da shugabancin kwamitin ya zagayo kan Gambari, aka amince da sojoji 5,500, waɗanda ba su isa ba sai da aikin gama ya gama. An rasa rayuka kusan 800,000.

To, a 2005 Tarayyar Afirka ta tsaya, a matsayar da aka cimma a Ezulwini ta ƙasar Swaziland (Eswatini a yau), kan kujeru biyu na dindindin masu ikon hawa kujerar na-ƙi. A 2024 Amurka ta ce ta yarda da kujeru biyun, amma ban da wannan iko. Ni dai a ganina an ba mu tabarma ne, ba a ba mu baki ba. Wanda ya ɗaga murya a 1994 aka yi biris da shi, shi ya fi cancanta ya gaya mana ko irin wannan kujera za ta ceci rai ko ɗaya a Darfur, inda shi kansa ya jagoranci rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar da Tarayyar Afirka daga 2010 zuwa 2012.

Amma Edita, kada hirar ta zama ta kirari. Shi ne ke kare gwamnatin Abacha a Majalisar lokacin da aka rataye Ken Saro-Wiwa, marubucin nan mai fafutukar kare al'ummar Ogoni ta Neja Delta, da abokan gwagwarmayarsa takwas a 1995, kuma mutanen Neja Delta ba su manta ba. Adawarsu ce ta sa ya ajiye shugabancin shirya taron yankin a 2008. A tambaye shi wannan ma, cikin ladabi, kuma a ba shi lokaci ya amsa.

Na gode, a huta lafiya.

Mai sauraronku,
daga Samaru, Zariya