Amsa ga ƙanina da ya yi tambaya kan Sass da TypeScript

Assalamu alaikum ƙanina,

A taron matasa masu koyon rubuta manhaja a Ringim ka tambaye ni a bainar jama'a: mai gina kwamfonen na shafin intanet, wato ɓangaren da mutum ke ƙirƙira masa tag na kansa, zai iya rubuta shi da TypeScript da Sass, harsunan da ke sauƙaƙa rubuta JavaScript (na sarrafa shafi) da CSS (na adon shafi), ko dole sai JavaScript da CSS zalla? Na ga ya fi in amsa a rubuce, don na san ba kai kaɗai abin ya dama ba.

Za ka iya, har ma ina ƙarfafa maka gwiwa. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba na sassauci a kansa: ka juya kod ɗin ya zama JavaScript da CSS zalla a kwamfutarka kafin ya hau intanet. Burauza ba ta san Sass ba, ba ta san TypeScript ba. Gari take ci, ba tsaba ba, niƙa kuwa aikinka ne. Akwai masu ɗora less.js, manhajar da ke juya Less (wani harshe mai kama da Sass) zuwa CSS, a shafi don wayar mai karatu ta yi juyin da kanta. Ka tuna wanda kake yi wa aikin: dillalin shanu a kasuwar Maigatari ran Alhamis, ƙaramar waya a hannu, datarsa ƙalilan, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ɗora masa wannan kaya ba adalci ba ne.

TypeScript, wanda Microsoft ta fitar a 2012, ba shi da wata rigima sai tarko guda. Dole kwamfonen ya gaji HTMLElement, wato tushen da kowane tag na HTML ke gada a burauza, ta hanyar class na gaske. In ka saita TypeScript ya juya zuwa ES5, tsohuwar sigar JavaScript, sai class ɗin ya koma tsohon salo, burauza ta ƙi shi. Sa ES2015 ko sama da haka, shi ke nan. CoffeeScript, wani harshen da shi ma ake juyawa zuwa JavaScript, haka ya yi fama, sai da fitowa ta 2 ta zo a 2017.

Sass ne ke buƙatar natsuwa, saboda Shadow DOM, wato shingen da ke raba cikin kwamfonen da sauran shafi. Ƙa'idojin adon da ka rubuta wa babban shafi ba sa shiga cikin kwamfonen, na ciki ma ba sa fitowa. Don haka bayan an juya Sass ya zama CSS, sai ka kai shi ciki da hannunka. In da Vite, manhajar juyawa da harhaɗa kod, kake aiki, ƙara ?inline a ƙarshen sunan fayil, zai miƙo maka CSS ɗin a matsayin rubutu, ka mai da shi takardar ado ta CSSStyleSheet, ka zuba ta a adoptedStyleSheets, wato jerin takardun adon da kwamfonen ke amfani da su. Amfanin wannan shi ne ko katin farashi hamsin ne a shafi, takardar ado ɗaya za su raba. Chrome ya karɓi tsarin tun 2019, Safari kuwa sai 2023.

Ga inda na fi son ka buɗe kunne. A ce ka rubuta $kore a Sass, wato suna mai riƙe da ƙima, ka ba shi lambar launi. Da an juya, sunan ya ɓace, sai lambar kaɗai ta rage a daskare. Gobe ƙungiyar manoman shinkafa a Hadeja ta ɗauki kwamfonen ɗinka, ta ce shuɗi take so, ba yadda za ta yi sai ta nemo ka. Amma da ka rubuta --launi irin na CSS, wannan yana nan da ransa a burauza, kuma yana ratsa Shadow DOM ta hanyar gado. Layi ɗaya daga waje ya canza komai. Saboda haka duk abin da kake so wani ya iya sauyawa, launi ne ko girman rubutu, kada ka kulle shi a Sass. Bar wa Sass lissafi da maimaicin cikin gida.

Kuma kada ka janyo babban fayil ɗin Sass gaba ɗaya cikin kowane kwamfonen, don kowanne zai fito da kwafinsa, shafi ya yi nauyi a banza.

Tun 2023 manyan burauzoji suka fara karɓar saka ƙa'ida cikin ƙa'ida a CSS zalla, abin da ya kai da yawanmu ga Sass tun farko. Shi ya sa in adon kwamfonen bai wuce layi ashirin ba, ni kam CSS nake rubutawa kai tsaye. TypeScript dai ina riƙe da shi, domin yana kama kuskure tun kod bai bar kwamfutata ba.

Allah ya yi wa karatunka albarka.

Naka,
Yayanka a wannan sana'a