Manomi ya shuka, sai ya kwanta ya yi barci

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gani, a Ƙaramar Hukumar Sumaila. Kirista ne ni, haka mahaifina. Kakanmu kuwa Bamaguje ne. Kullum aka buɗe rediyo zancen tsadar rayuwa ake yi, kuma ba ƙarya ba ne, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko zuwa Kano sai mutum ya yi lissafi. Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani ciwo da ke cin magidanta a ɓoye, wato rashin barci.

Damina biyu da suka wuce na karɓi bashin taki buhu uku, a kan zan biya da kaka. Na yi noman fari, na yi maimai, na zuba takin, sai ruwa ya ɗauke fiye da mako biyu. Ganyen dawa ya nannaɗe, gyaɗa ta yi laushi. Na koma fita tsakar dare ina duban gabas ko zan hango walƙiya. Tuwo ba ya shiga. Yaro ya yi ɗan kuskure sai in rufe shi da faɗa, kuma har yau abin yana min ciwo.

Wani dare uwargida ta same ni tsaye a bakin rumbu. Ta ce, "Maigida, ka yi naka. Wanda ya rage ba a hannunka yake ba." Ta ɗauko fitila da Littafi Mai Tsarki, ta buɗe Markus sura 4, wurin da suka yi nazari a Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'armu. A nan Yesu ya ba da misalin mutumin da ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin kuwa yana tsiro yana girma, shi bai san ta yaya ba. Shekara nawa ina jin wannan aya, ban taɓa lura cewa manomin nan barci yake yi ba. Ta ƙara min da Zabura 127, inda aka ce banza ne mutum ya yi ta sammako da kwanan zaune saboda abinci, Ubangiji yana ba ƙaunataccensa barci. A tabarmar nan muka yi addu'a, ban farka ba sai da rana ta fito.

Ruwa ya dawo, amma a makare. Rabin abin da na saba samu na ɗaure, sai da na sayar da akuya biyu kafin na fita daga bashin. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ɗauka bangaskiya ciniki ce, ka ba Allah kaza ya biya ka da sa. Ɗana da ke aikin walda a Sabon Garin Kano ya dawo gida da irin wannan wa'azi, wai talauci alamar ƙarancin bangaskiya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa, Manzo Bulus a kurkuku yake lokacin da ya rubuta wa Kiristocin birnin Filibi cewa ya koyi zama da wadar zuci, a ƙoshi da yunwa. Kuma koyo ya ce ya yi, ba da ita aka haife shi ba. Gwauruwar da ke gaba da kowa zuwa addu'ar asuba a majami'armu, wa zai ce imaninta ne ya gaza?

Wadar zuci kuma ba lalaci ba ce. Muna nan muna neman a kawo taki a kan kari, a gyara mana hanya. Maƙwabcina Musulmi, wanda muke gayya tare, yakan kira abin ƙana'a, kuma duk unguwar babu mai riga shi zuwa gona.

Yanzu ranar Lahadi ko ciyawa ta ci gonar ba na taɓa fartanya. In an tashi daga sujada mukan zaga gaida marasa lafiya, sannan in zauna gindin darbejiya da jikokina har la'asar. Bana taki buhu ɗaya na saya da kuɗin hannuna, sauran na cike da takin dabbobi da na yi ta kaiwa a kura tun bazara. Dawar ta fara fid da kai.

Naku,
Wani manomi daga yankin Gani, Sumaila, Jihar Kano